Rasuwar Hamra, Jar Motar Tandabawi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da baƙin mai, Malam Mukhtaru Baraka, maɗinkin tantuna a unguwar Tandabawi ta birnin Makka, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar motarsa Hamra. Ta cika a tsakar gidansa da hantsin ranar Talata, cikin sanyin watan Jimada Awwal na shekarar 1374, bayan jinyar da shi da kansa ya jefa ta ciki da kyakkyawar niyya.

An haifi marigayiyar a ƙasar Turai tun kafin babban yaƙi, aka kawo ta Jidda cikin jirgin ruwa tana budurwa. Ja ce wur, doguwar hanci, ƙasa-ƙasa kamar mai shirin durƙuso, kujerunta biyu, ba ta da rufi. An ce can garinsu tsere aka ƙera ta domin shi. Malam Mukhtaru ya same ta a hannun wani attajiri da ya gaji da ita, ya ba shi manyan tantuna biyu, aka ɗaura masa ita a bayan motar alhazai aka jawo ta Makka. Tun ranar ta nuna halin da aka san ta da shi har ƙarshen rayuwarta: ta fi son a ja ta da ta ja.

Marigayiyar mai haƙuri ce da kawaici. Ba ta taɓa buge ko kaza ba, domin ba kasafai take cim ma kaza ba. Tana da zumunci ƙwarai, don babu magidanci a Tandabawi da bai taɓa dafa bayanta ya tura ba, har waɗanda suka shekara ba sa ga maciji da juna sun sha haɗa kafaɗa a hawan lungun masallaci. Da safe idan aka murɗa mata sandar tayarwa takan ce, "Kwaf. Kwaf. Burrr," ta yi shiru tana tunani, sannan ta ce, "Tuf." Malam Mukhtaru ya rantse duk birnin babu mai murya irin tata.

Ranar da ta shigo gidan ne ya yi wa uwargidansa Ummulkhairi alkawarin zai kai ta Ta'if a cikinta, su sha iska su ci inabi. Shekaru suka yi ta wucewa, mafi nisan tafiyar da suka yi tare ita ce bakin kasuwa, suka dawo a ƙafa. Ummulkhairi ba ta taɓa yi masa tuni ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Don haka da aikin Mina na hajjin da ya wuce ya ƙare, aka naɗe tantuna, hannunsa ya zauna, sai ya ƙudura zai kwance Hamra ɗaki-ɗaki, ya wanke kowace gaɓa da kananzir, ya kankare tsatsa, ya sake mata fenti, ta dawo yadda ta sauko daga jirgi.

Sanyin kuwa ya zo da irin ƙarfin da tsofaffin da suka taso daga Kano suke yi wa dariya, amma haihuwar Makka suke ɗauka ƙarshen duniya. Ƙarfe ya yi sanyi ƙarara, yatsun Malam suka ƙi lanƙwasuwa, notuna suka ƙi sifana. Wanda ya gasa da gawayi ya karye, wanda ya lallaɓa ya zame. Duk da haka ya daure, ya cire fitilu, ya cire ƙofofi, ya sauke inji, ya jera komai a kan tabarmin gidan, kowane noti kusa da gaɓarsa, don kada ya ruɗe ranar haɗawa. Idan sanyi ya ci ƙarfinsa sai ya tafi wurin mai shayi ya ɗumama hannu.

A ɗaya daga cikin tafiyar shayin nan ne ciwon ya juye. Mahaifiyarsa, Inna Fatsuma, ta ga ƙarafa kwance a kan tabarma ita kuwa tana zaune kan daɓe mai sanyi. Ta tattare notuna da kusoshi da ƙananan gaɓoɓi kaf, ta juye su cikin daron wanki, ta kakkaɓe tabarminta ta shige ɗaki. Da ya dawo ya tsaya kan daron yana leƙa ciki. Ta leƙo ta ce, "Muntari, na gyara maka wurin. Kai tun kana ƙarami ba ka iya tattara kayanka ba." Ya ce, "Na gode, Inna."

Daga nan maƙwabta suka fara zuwa dubiya, kowa kuma ya fita da abin tunawa, da sunan aro zuwa sanyi ya wuce. Saboda haka marigayiyar ta bar baya masu yawa, dukansu cikin ƙoshin lafiya. Ta bar kujerun fata biyu a ɗakin Inna Fatsuma, wadda ta ce tun da ta fara zama a kai ciwon bayanta ya tafi, kuma duk mai son su sai ya ɗaga ta tukuna. Ta bar murfin inji a gidan Ja'afaru maƙwabci, yana yi wa akuyarsa mai jego rufi. Salansarta tana fitar da hayaƙi a tanderun mai burodi, aikin da ta fi ƙwarewa a kai tun tana raye. Tayoyi uku sun zama takalma, suna zaga gari fiye da yadda suka taɓa yi a jikinta. Hon ɗinta kuma yana wuyan jakin mai ruwa, kullum da safe yana wucewa ƙofar gida yana cewa "Ɓaaa," Malam Mukhtaru ya fito da gudu, ya ga jaki, ya koma.

Ba a yi sakaci da neman magani ba. Akwai wani Bature a Jidda da ya san jikinta ciki da waje, amma shi ba shi da ikon shigowa Makka, ita kuma ba ta da ƙafar zuwa wurinsa. Sai aka ɗauko Lurwanu, mai gyaran manyan motocin alhazai. Ya shigo ya duba hagu da dama ya ce, "Baffa Mukhtaru, ina motar?" Malam ya nuna masa daro. Lurwanu ya ce, "Ya shaikh, wannan ai ba gyara take so ba, addu'a take so." Don kada a ce bai yi komai ba, ya harhaɗa injin da abin da hannunsa ya lalubo, ya ɗora shi kan duwatsu, ya zuba mai ya murɗa. Hamra ta ce, "Kwaf." Aka jira sauran maganar, ba ta zo ba. Wani noti ya faɗo ya gangara ƙarƙashin randa. Lurwanu ya goge hannu ya ce, "Khalas, shi ke nan."

Washegari Ummulkhairi ta fito da shayi ta tarar da mijinta zaune kan ƙashin bayan motar, ƙarafa biyu tsirara, ya lulluɓa da guntun tanti, hannuwansa a miƙe inda sitiyari yake a da. Ta ajiye faranti, ta gyara mayafi, ta hau gefensa ta zauna. Sun ɗan jima a haka, sannan ta ce, "Malam, rage gudu, akwai kwana a gaba." Ya rage. Har shayin ya huce ba su sauka ba.

An tuntuɓi Liman Abdulganiyyu, ya tabbatar ba a yi wa ƙarfe salla, amma babu laifi a raka shi. Don haka za a ɗauki abin da ya saura na marigayiyar ranar Alhamis bayan la'asar, daga gida zuwa maƙerar bayan kasuwa, kuma ana roƙon masu dako su yi tafiya a hankali, don ba ta saba da sauri ba. Masu riƙe da gaɓoɓinta an yafe musu, su zo kawai. Za a karɓi ta'aziyya kwana uku, akwai gahawa da dabino. Iyalan suna roƙon duk mai zuwa da mota ya ajiye ta nesa da lungun, ya kuma sa mai gadi, domin Malam Mukhtaru ya ce yanzu ya gane inda ya yi kuskure, kuma har yau sifana tana aljihunsa.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya tsare motocin Musulmi.