Wanda Ya Haska Jirgin Feshi

"...Ina gajiya, amarya?"

"Gajiya ta bi lahiya. Ina kwanan rago?"

"Rago ya kwana garau. Har mahwalki na yi Allah ya raba ni da wata tsohuwa."

"Mahwalkinka ya kusa zama gaskiya, sai ka yi sadaka."

Mudassir ne durƙushe a bakin ɗakin kakarsa Saliha, kamar yadda ya saba kowace safiya kafin ya buga babur ya fita kabu-kabu. Tun yana rarrafe take ce masa maigida, shi kuma da ya yi baki ya rama da amarya. A ƙauyensu na bakin gulbi, yamma da Gidan Rumji, in waɗannan biyun suka haɗu har masu wucewa sukan tsaya jikin danga su sha dariya kyauta. Yau kam babu wanda ya tsaya. Tsohuwa ta ɗaura zanenta na Juma'a, ta ɗaure wani ƙunshi ta ajiye a gabanta, idanunta sun yi jawur don ba ta runtsa ba.

"Wannan kwalliya hwa?" in ji Mudassir. "Zanen Juma'a ran Talata? Wa anka yi wa haihuwa ban ji ba?"

"Miji za ni nema. Na gaji da mai warin man isansi da hayaƙin babur. Kumandan jandarma nike so, mai hula da takalmi. Tashi ka kai ni Gidan Rumji."

"Baburina ba ya ɗaukar kayan da sunka haura shekara ɗari. Taya sai ta hwashe, ba don nauyi ba, don baƙin ciki."

"Ka kai ni, na ce. Akwai maganar da zan hwaɗa mai."

Ya san maganar, ita ma ta san ya sani.

Bana hatsi ya yi kyau har mutane sun fara gyaran rumbu, sai ga tsuntsayen jan-baki sun sauko kamar hayaƙi. Aka kaɗa gwangwani, aka wurga majaujawa, aka yi ihu har muryoyi suka dushe, duk a banza. Mudassir ya ga kakarsa tana yini a gona tana faɗa da tsuntsu da muryar da ba ta fita, sai ya sayo mata wata 'yar tocila a kasuwar Gidan Rumji, siririya kamar alƙalami, wadda 'yan kasuwa ke ce wa laza. Koren haske take fitarwa, ɗan tsito, amma yana kaiwa inda ido ba ya kaiwa. In ta haska tsuntsaye da almuru sai su watse. Tsohuwa ta ɗauki abin nan kamar an ba ta sarauta.

Ana haka hukuma ta turo jirgin feshi. Da magariba ya zo, lokacin da tsuntsayen ke taruwa su kwana a itatuwan bakin gulbi. Saliha tana gona ta ga jirgi ya yi ƙasa-ƙasa zai wuce ta. Ta ce a ranta, matuƙin nan bawan Allah baƙo ne, ina ya san gonar wani? Sai ta ɗaga tocila ta haska shi, ta sauke hasken kan gonarta, ta sake ɗagawa, wai tana nuna masa hanya. Hasken ya shiga gilashin gaba ya cika wa matuƙin ido. Jirgi ya yi tangal-tangal, saura kaɗan ya shafi kan wani gawo, Allah ya kiyaye, ya juya Maraɗi da maganinsa a ciki. An ce matuƙin yana asibiti, idonsa ɗaya dishi-dishi yake gani. Jirgi bai dawo ba, tsuntsaye kuwa suka zauna suka ci shekarar mutane, suka bar musu kara a tsaye.

Jiya jandarmomi suka zo ƙofar mai gari. Babbansu ya yi bayani cewa haska jirgi daidai yake da rufe wa direba ido yana tsakiyar gudu, da jirgin ya faɗo kan gari da ba a san gawa nawa za a kwashe ba, kuma hukuncinsa zaman kaso ne da tara mai nauyi. Kowa ya san wanda ya sayo tocilar. Mudassir ya miƙe ya ce shi ne. Saliha ta dogara sanda ta ce ƙarya yake, ita ce. Sai ɗan banzan yaron nan ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kun ji amaryata, ko laihi ba ta bari in ci ni kaɗai!" Taro ya ɗauka, har jandarman ya murmusa ya ce wa tsohuwa ta zauna. Suka tafi da tocilar, mai gari ya tsaya wa Mudassir ya kwana gida, da sharaɗin ya kai kansa Gidan Rumji da safe.

Abin da ya hana ta barci ke nan. Gaskiya ta faɗa a gaban jama'a, aka ɗauke ta wasan jika da kaka.

"Kai ka haska jirgi?" ta ce, tana kallonsa sama da ƙasa. "Kai? Da ka jehi kaza ka hwasa mini tulu?"

"Tulun nike nuhi. Ya tsuhwa, kamar mai shi."

"Hannunka rawa yake ko cokali ka riƙe. Ni kuwa na ɗora hasken nan kan hancin jirgi, ko gezau."

"Ke da kike gaida turmi kina ce mai Malam? Da wane ido kinka ga jirgi, na dama da ke barci, ko na hagu da ya riga ki tahiya lahira?"

"Turmin ya hi ka ladabi, ba ya mayar mini da magana."

"Ni na haska shi, amarya. Har matuƙin ya ɗago mini hannu, ya ce ina gajiya. Kowa ya san ni ne gwanin saiti na ƙasar Gobir."

"Gwanin ƙarya dai. Idon nan da kake rainawa ya ga ubanka ranar da ya zo duniya, ya gan shi ranar da anka ɗauke shi. Jirgi ne ba ya gani?"

Mudassir ya sunkuyar da kai ya shiga zane ƙasa da tsinke. Ita ma ta ji zafin abin da ta faɗa, don ubansa ɗanta ne guda ɗaya tilo, wannan jikan kuma shi ne ya rage mata a duniya. Sai ya yar da tsinken ya ɗago kai.

"Kaso ba wurinki ba ne. An ce waken can ko akuya sai ta yi istigfari kahin ta tauna. Da mi za ki ci? Haƙori guda gare ki, shi ma don ado."

"Shi ya sa na hi ka dacewa. Ba ni ci, ba ni barci, ba ni zuwa ko'ina. Kai kuwa cikinka kamar rijiya, kwana biyu ka talauta gwamnati."

"Ke kuma ki ishe su da surutu har masu gadi su gudu su bar ƙohwa buɗe."

"To ba ka ga riba ba? Kuma in alƙali ya yanka mini shekaru, na cuce shi, don ba ni da su. In yana son sauran sai ya bi ni kushewa ya karɓa."

"Wato har alƙali za ki yi wa wayo."

"Ni na yi wa kakanka wayo ya aure ni, wane ne alƙali?"

"Allah ya jiƙan bawan Allah, ya sha wuya."

"Ya mutu da ƙiba. Tashi ka buga babur, rana tana yi."

"In na kai ki ma, mi za ki ce?"

"In ce ni ce."

"Ni kuma in ce amaryata ce, kishin suna take, ta ga za a ambace ni a rediyo. Kumandan ma yana da kaka, amarya. Dariya zai yi ya sa a ba ki ruwa."

"Sai in rantse mai."

"Da aradu kinka ce kin kada kura a bakin gulbi. Da aradu kinka ce Sarkin Gobir ya nemi aurenki kinka ce ba ki da lokaci. Gari duka shaida ne. Wa zai raba wannan da waɗancan?"

Duk ƙaryar da ta shara don ya yi dariya yana ƙarami, yau ya tattaro ta ya toshe mata baki da ita. Ta ɗauki sandarta ta daki ƙasa.

"Da ƙahwa zan tahi."

"Ki kai baɗi waccan."

"Ɗan banza, maras mutunci, ɓarawon laihin mutane! Hatsin gari na hannuna, idon bawan Allah na hannuna, kana so ka ƙara mini da kai? Da mi zan tsaya gaban Ubangiji?"

"Kaka."

Sandar ta tsaya a hannunta. Bai taɓa kiranta haka ba, ko ranar da aka binne ubansa amarya ya ce mata.

"Kaka, ni na sayo ta. Mai saidawa ya ce mini kar a haska idon mutum, ban hwaɗa miki ba, na miƙa miki na wuce ina sauri. In da laihi, ba ni rasa rabona. Kuma kin san abin da ake ciki a gari? Jiya na gaida Basira maƙwabciyarki, ta kau da kai. Rumbunta wayam, ga ɗiya. Ba ita kaɗai ba ce. Ni in na hito, in ɗauki babur in tahi Maraɗi, in tahi Jibiya, inda ba a san ni ba. Ke ina za ki? Nan za ki zamna cikin mutanen da tsuntsu ya cinye wa shekara. Yanzu tausayinki suke ji, tsohuwa mai jikan banza. Za su ɗebo miki ruwa, za su aiko miki da tuwo in sun samu. In sunka san ke ce, wa zai leƙo ɗakin nan? Ranar da taki ta zo, wa zai shigo ya yi miki wanka da zuciya guda?"

"Kai kuma wa ya ce maka zan kai ranar hitowarka?"

Mudassir ya kau da kai. Can sama wani garken jan-baki ya wuce ya nufi gonaki, ko me ya rage da za su ci, oho. Daga waje Sajo, ɗan mai gari da zai raka shi ya dawo da babur, ya yi sallama.

Saliha ta daɗe tana kallon ƙunshin da ta haɗa wa kanta. Ta ga babu inda za ta kai gaskiyarta a karɓa, ta kuma ga yaron ya fi ta gaskiya a kan mutanen gari. Ta sa ƙafa ta tura masa ƙunshin.

"Ɗauki. Kar a ce na kori miji hannu sake."

Ya kwance bakin ya leƙa. Bargonta ne, da ƙullin garin fura, da tasbaha. A ƙasa kuma ga ɗan magogin da take goga goro da shi tun da haƙora suka tafi, ya yi baƙi don tsufa. Ya ɗago shi sama.

"Wannan hwa? Mi zan yi da magogin goro, ni da haƙori talatin?"

"Riƙe abinka. Kahin su sako ka, kai ma ka zama abokin turmi."

Dariya ta ƙwace masa, ta gaske, har ya dafa ƙasa. Da ya ɗago idonsa ya cika da ruwa, ya ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta a gidan ba tun jiya.

"Ba na karɓar kyautar tsohuwa, tana da maiƙo. Aro ne. Da hannuna zan maido miki, sai ki tabbata kina nan zamne, bakin ɗakin nan, da haƙorinki guda."

"Ka cika son mulki."

"Kin ji ko ba ki ji ba, amarya?"

"Na ji, maigida, ka ci. Tahi. Ina nan."

Ta yi dariya, haƙorin nan ɗaya a waje, tana daga zaune har ƙarar babur ta ɓace a hanyar Gidan Rumji. A duk ƙaryar da ta taɓa yi wa yaron nan, ta san wannan ce babba, kuma ita kaɗai ce ya karɓa bai musa ba.