Ɗorin Da Na Yi Wa Kafaɗar Arzika

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar da na tashi nakasa bawan Allah da sunan ɗori, a gaban rabin mutanen unguwarmu a Wurno. Yau ina ba da labarin ina dariya don Allah ya rufa asiri, amma a ranar, da ƙasa ta tsage da na shige ba sallama.

Gidanmu gidan ɗori ne tun kaka da kakanni. Babana shi ne maɗorin da ake ɗauko wa mutane a kan jaki daga Rabah, daga Lahodu, har daga ƙauyukan bakin gulbi. Ni kuwa a lokacin na haura ashirin da biyar, da matata da ɗa guda, kuma aikina a zauren bai wuce fere karan dawa da murza igiya da danne majinyaci kada ya zabura ba. Amma in ka ji ni a bakin kasuwa, sai ka rantse ni na koya wa tsohon sana'ar. (Baki dai Allah ya ba ni, wannan ko maƙiyina ya shaida.)

Ba wai bai koya mini ba. Ya sha zaunar da ni yana cewa gaɓa iri-iri ce. Gwiwar ƙafa da gwiwar hannu hanya ɗaya suka sani, su buɗe su rufe kamar awartakin maƙeri. Ta wuya juyawa take dama da hagu. Ta kafaɗa da ta ƙugu kuwa taɓarya ce a cikin turmi, ko'ina tana kewayawa, sai dai turmin kafaɗa ba shi da zurfi, shi ya sa taɓaryar ke saurin zamewa. Yana faɗa ina gyaɗa kai, hankalina yana filin kokawa. A ganina abin gado ne, yana cikin jini, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wata rana da rani aka aiko daga Gandi cewa bijimin sa ya take wani makiyayi. Baba ya hau jakinsa, ya juyo ya ce mini, "In anka kawo abin da yaf fi ƙarfinka, ka kira Gwaggonka." Gwaggo Kulu yayarsa ce, tsohuwa tukuf mai sayar da daddawa a can ƙuryar gida. Na ce to, amma a raina na ji haushi. Ni da gemuna a ce in kira mai daddawa?

Washegari da hantsi sai ga shi an rungumo wani mutum. Lokacin bikin su ne, gulbi ya ja baya, masunta sun gangaro daga ko'ina ana kamun kifi na taron dangi. Mutumin sunansa Arzika, masunci ne mai jefa birgi, wato ragar kamun kifi, daga Goronyo ya zo. Santsi ne ya kwashe shi a gangare, ya kai hannu ya cafki saiwar itace, sai ya ji kafaɗarsa ta dama ta yi ƙara. Ya shigo zaure ya tallabe hannun nesa da jikinsa, gumi na zuba.

"Malam, ka taimake ni," ya ce. "Da hannun ga nika jefa birgi, da shi nika ciyad da ɗiya biyar."

Malam! Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa kirana haka ba. Nan take na shiga ɗaki na naɗo rawanin Baba. Mutane sun fara taruwa a ƙofar zaure, kuma maimakon in kore su kamar yadda tsohon yake yi, sai na sa aka ɗage asabari don na baya ma su gani.

Na tsaya daga nesa, na karkata kai, na yi gyaran murya, na ce, "Karaya ce. Wuri biyu ma." Ban taɓa shi ba, ko da ɗan yatsa. Gaskiyar magana, karaya nake so ta zama, don ita ce babban aiki mai kara da igiya da tofi, wanda za a yi ta labarinsa a kasuwa.

To al'adar gidanmu, in an ɗora mutum sai a karya kaza daidai inda ya karye, a ɗaure su rana ɗaya. Ranar da kaza ta warke, ranar ake duba mutum. Na shiga gida na bi kaji da gudu, rawani na warwarewa, wadda ta faɗo hannuna kuwa ita ce farar kazar Inna mai ƙwai. Na kawo ta gaban jama'a, na yi bisimilla, na karya mata fiffiken dama, na ɗaure da tsinke. Sannan na koma kan Arzika. Na sa ƙarti biyu suka danne shi, na matse hannun a jikinsa da ƙarfin tsiya yana salati, na jera karan dawa tun daga kafaɗa har wuyan hannu, na naɗe da igiya tamau. Na ce kada a kwance sai bayan kwana arba'in.

Bari in faɗa muku abin da nake shirin aikatawa, wanda a lokacin ban sani ba. Gaɓar da ta goce, in ta yi kwana arba'in a waje, nama ne zai cike gurbinta. Hannun sai ya sandare, ko loma ba zai sake kaiwa baki ba, balle ya jefa birgi. Da bakina nake yi wa mutumin nan addu'ar samun sauƙi, da hannuna nake raba 'ya'yansa da tuwo.

Kazar nan ce ta cece shi, don ihun da take yi ne ya fito da Gwaggo. Ta dogaro sandarta, warin daddawa na gaba tana biye, mutane suka dare mata. Ta dubi kaza, ta dubi Arzika da na naɗe kamar damin gero, ta dubi rawanin da ke kaina. Rawanin ta fi daɗewa tana kallo.

"Mi ya same shi?"

"Karaya, Gwaggo. Wuri biyu."

"Ina ta ɗaya take?"

Na nuna wajen damtse da leɓe.

"Ka ji ƙashi na gugar ƙashi?"

Na hau gyara rawani.

"Ka ko taɓa shi, ɗan nan?"

Nan fa ido ya raina fata. Wani daga baya ya amsa a madadina, "Bai taɓa ba, Gwaggo, muna nan tun farko." (Har yau na san muryar, kuma har yau ba na sayen albasarsa.)

"Kwance," in ji ta.

Na durƙusa ina kwance abin da na ɗaura da taƙama, kara bayan kara, kuma ban san karan sun kai yawan haka ba sai ranar. Da na gama ta kama yatsana kamar na jariri, ta danna a saman kafaɗar. "Mi kaj ji?" Na ce rami. Ta kai yatsan can wajen hammata. "Nan hwa?" Na ce wani abu mai tauri, mulmulalle. Ta ce, "To turmi na can, taɓarya na nan. Ba abin da yak karye cikin zauren ga sai kazar uwarka."

Dariyar da aka yi, na tabbata har bakin ganuwa an ji ta.

Ta sa aka kwantar da shi rigingine a tabarma, ta murza masa man shanu har naman ya saki. Ta ce ita ba ta da ƙarfi, ni zan ja. Na zauna, na cusa dunduniyata a hammatarsa, na kama wuyan hannun da hannu biyu. "Sannu-sannu," ta ce, "kamar mai jawo guga cike. In ka fizga, ni da kai na." Na ja, na ja, gumina ya fi na mai ciwon. Can sai na ji ƙum! Ƙarar ta bi ta tafin ƙafata har cikin kaina, hannun kuma ya saki laƙwas.

Ni ban taɓa jin gaɓa ta koma a hannuna ba. Sai na saki, na wuntsila baya na faɗa kan ƙwaryar man shanu, na runtse ido, na kwarma ihu, "Innalillahi! Na tsige mai hannu! Jama'a, na tsige mai hannu!"

Da na buɗe ido ɗaya, sai ga Arzika zaune, ya ɗora tafin hannun daman a kan kafaɗar hagu, yana kallonsa yana hawaye yana dariya. "Ya koma," yake ta cewa, "wallahi ya koma." Wani sanyi ya sauko mini tun daga ƙeya har ƙafa, irin wanda ban taɓa ji ba, har kunyar ma ta ɗan dakata. Gwaggo ta zare rawanin daga kaina, ta rataye masa hannun a wuya da shi, ta ce ya bar gulbi sai wata ya sake, ta koma wajen daddawarta.

Baba tun a hanya ya ji labari. Da ya sauka daga jaki bai zage ni ba, wanda da ma zagin ya yi. Ya ce kawai, "An ce ka yi baƙi." Inna kuwa sati guda tana zuba mini tuwo ba ta dubana.

Da rani ya zagayo na gangara gulbi wajen bikin su, na hango Arzika tsaye cikin ruwa. Ya murɗa jiki, hannun nan ya kewaya ta saman kansa, birgi ya buɗe ya faɗa ruwa. Na daɗe a tsaye ina kallo, ina ƙirga 'ya'ya biyar a raina, ina yi wa Allah godiya.

Yanzu ni ne tsohon zauren. Duk wanda aka kawo sai na kori 'yan kallo, na daɗe ina lalubensa da yatsa kafin in buɗe baki, in kuma ban gane ba in ce ban gane ba. Mutane suna yaba wannan dogon shirun nawa, suna cewa wani asiri na gado nake karantawa a zuci. Ba asiri ba ne, tsoro ne, kuma ina roƙon Allah ya bar mini shi.