Ranar da Aka Ce Doguwa Ta Hau Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar ɗaurin auren ɗana Sani a Matankari, ranar da jikina ya ci amanata a bainar jama'a.

Ni fa tsohon direba ne, shekara talatin ina keta yashin Sukukutane ban san tsoro ba. Kuma duk Dogon Dutsi ba wanda ya kai ni sukar 'yan bori (ko gwaggona ban ƙyale ba).

Muna hanya da hantsi wani bijimin sa ya faɗo gaban motarmu, ta yi tangal-tangal ta tsaya a bakin rami. Samarin da ke ciki suka yi salati, kafin mu shiga gari har sun koma raha. Ni kuwa gabana sai dukan uku-uku yake. Na ce zai wuce.

Ina! Bayan azahar muna zaune, aka miƙo mini tiren goro. Hannuna ya hau rawa kamar mazari, goro ya watse har ƙarƙashin rigar liman, gumi ya jiƙa ni sharkaf.

Sai ga muryar Gwaggo ta bayan danga: "Doguwa ta! Na hwaɗa mishi wata rana sai ta kama shi! Ku kawo turare!"

Na yi mutuwar zaune. Uban amarya ya ce wa liman, "Malam, dakata." Ya juyo gare ni: "Alhaji, in abin gado na, a gaya muna tun ba mu ba da ɗiyarmu ba."

Sani ya sunkuyar da kai. Shekara uku yana neman yarinyar nan.

Ƙanen uban amarya, wanda likita ne, ya riƙe hannuna, ya tambayi samarin ko wani abu ya faru a hanya, suka ba shi labari. Ya ce, "In mutum ya razana, jiki na zuba wani sinadari cikin jini. Na yaro nan da nan ya sauka, na tsoho sai ya wuni. Amma kai za ka hwaɗi, Alhaji. Ka ji tsoro?"

Na dubi Sani. Na ce, "Sa ne ya tsorata ni. Kuma na tsufa."

Har liman sai da ya yi dariya kafin a shafa fatiha.

Tun ranar na daina rina gemu. Tsufan da ya shiga jini, wane rini zai rufe shi?