Ranar da Aka Yi Mini Liƙi a Tsafe

A tsofaffin littattafan da na karanta, mawaƙi malami ne mai rawani, wanda in ya buɗe baki sarakuna kan yi tsit. Da wannan na cuci kaina.

Da surukina ya dawo daga Hajji, sai na tsara masa baiti arba'in, na naɗa rawanin aro, na hau mota daga Bungudu zuwa walimarsa a Tsafe. Har na tanadi yadda zan sunkuyar da kai in an fara yabona.

Ina baiti na uku, wata Hajiya ta manna mini kuɗi a goshi. "Allah shi ƙara basira, maroƙi!"

Maroƙin gidan ya ja hannun rigata. "Malam, wanga gida nawa na. Nemi naka."

Surukina ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Ni dai malamin makaranta na ba ɗiyata."

Bai sake gayyatata ko suna ba. Amma har yau in na shiga ofis, abokan aikina sai su ce, "Akwai biki Gusau ran Asabar. Mu zo maka da kalangu?"