Ranar Da Na Yi Wa Tumakin Dakta Wanka

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a shekarar da aka fara Shari'a a Zamfara. Lokacin ina sabon ma'aikaci a wani ɗan ɗakin gwajin magungunan dabbobi a Ƙaura Namoda, ƙarƙashin wata likita, Dakta Hajara. Kullum a motar haya ta mata take zuwa, riƙe da wani baƙin littafi da ba ta rabuwa da shi. Ban taɓa ganin mai tsantseni irinta ba.

An kawo mana sabon maganin tsutsar ciki, ana so a fara raba wa makiyayan Zurmi da Shinkafi. Dakta ta ce sai ta tabbatar ba ya raunana garkuwar jiki, don magani yana iya kashe tsutsa kuma ya bar dabba ba ta iya yaƙar ko mura. Aka samo tumaki ashirin. Goma ana ɗura musu maganin, goma ruwa kawai. Daga baya a yi wa duka allurar rigakafi, a ɗebi jini a ga waɗanda jikinsu ya amsa. Kowace tunkiya da lambarta a gadon baya, an rubuta da shuni. Wata uku muna wannan aiki, saura ɗibar jini ta ƙarshe.

Sai aka ce manya za su zo daga Gusau.

To ni ɗan Kasuwar Daji ne, a gidan masu kiwon raguna na tashi. A wurinmu abin kunya ne baƙo ya ga dabbarka da dauɗa. Na yi sammako tun kafin Baffa Sambo, Bafillacen da ke kula da garken, ya dawo daga yankan ciyawa. Na haɗa ruwa da omo, na bi tumakin nan ɗaya bayan ɗaya da soso. (Shunin ya ɗan yi mini gardama, amma na ci ƙarfinsa. Har daɗi na ji.)

Baƙi suka iso, babbansu ya ga tumaki fes kamar auduga, ya ce, "Masha Allah! Wa ag gyara su haka?"

Na ɗaga hannu har da gyara hula.

Ya ce, "Madalla. To Dakta, waɗanne ne ka shan maganin?"

Dakta ta dubi tumakin, ta dube ni. A lokacin ne kaina ya kawo wuta. Aikin wata uku na wanke da omo! Wallahi na so ƙasa ta tsage. A hankali ta ce, "Malam, mi kay yi?" Na ce, "Tsabta, ranki ya daɗe." (Har yau ban san inda na samo wannan amsa ba.)

Baffa Sambo ya aje ciyawarsa. "Dakta, kwantad da hankalinki. Ni ban san boko ba, amma na san wadda nika riƙe ma baki a ɗura mata magani kullum da sahe, da wadda aka ba ruwa." Ya shiga garken yana kiran kowace da sunan da ya sa mata, yana turawa dama da hagu. Kafin baƙi su gama mamaki, goma nan, goma can.

Na fara ajiyar zuciya, sai Dakta ta ce, "Baffa, na yarda da kai, amma sai mun duba." Ashe tun ranar farko ta rubuta kamannin kowace kusa da lambarta a baƙin littafin nan: yawan haƙora, tsagar kunne, tabon ƙafa. Ta tsuguna cikin rana tana buɗe bakin tumaki, manya na tsaye suna jira. Duka ashirin suka dace da rabon Baffa. Ta ce da ɗaya ta saɓa, da daga farko za mu sake. Kuma ta rubuta wankan nawa a cikin rahoto, ba ta ɓoye ba, sunana kawai ta rufa.

Da sakamako ya fito, tumakin da suka sha maganin ba su amsa rigakafin yadda ya kamata ba. Aka dakatar da rabon. Garkunan mutane da yawa suka tsira saboda idon makiyayi da littafin mace ɗaya, ni kuwa saura ƙiris in kashe su da tsabta.

Yanzu shekaruna sun ja a wannan aiki, amma ko datti na gani a ɗakin gwaji, sai na tambaya ko yana bakin aiki kafin in share.