Ranar da Na Ƙirƙiro wa 'Yata Ciwon Gwiwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsayar da wasan ƙwallon kwando a Jidda ba, da goyo a bayana, da takalmi ƙafa ɗaya. Har yau in abin ya faɗo mini sai in ja mayafi in rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a kicin.

Bari in faro daga tsawon Ummi. Ita ce 'yata ta fari (sunan surukata aka sa mata, don haka kada ku jira jin ainihin sunan daga bakina). Tun tana firamare ta kere ni tsawo. Yaran unguwarmu ta Ka'akiyya a nan Makka suka laƙaba mata Hasumiyar Agogo, wato dogon ginin nan na kusa da Harami, sai yarinya ta koma tafiya a ranƙwafe kamar mai neman allura a ƙasa. Ni kuwa damuwa ce sana'ata. Na damu da tsawon, na damu da ranƙwafawar, na damu da kuɗin abayar da kullum sai an sake. Malamarsu ta motsa jiki ce ta ce mu gwada kai ta wani kulob na 'yan mata a Jidda, wai akwai wata koci da ta san darajar dogaye.

Kabtin Maila ke nan (a nan Kabtin ake ce wa koci). Mutuniyar Estoniya ce, wata ƙasa can Turai da Ummi ta ce in sanyi ya shigo rana leƙowa kawai take ta koma. Tun tana ƙarama take buga ƙwallon kwando. Ta buga wa ƙasarta, ta buga a ƙasashen maƙwabta, har ana rububinta, sai gwiwa ta tsayar da ita tun da sauran ƙarfinta. Da wata ce da ta zauna gida tana kallon tsofaffin hotuna. Ita sai ta rataya usur a wuya ta koma koyar da yara, daga garinsu har Allah ya jefo ta Jidda. Tunda ba Musulma ba ce ba ta shigowa Makka, mu ne muke bin ta duk ƙarshen mako a motar Baban Ummi.

Mace ce da ba ta ɓarnar magana, ba ta ihu, dariyarta ma sai ka sa ido. Ranar farko ta ɗora tafin hannu tsakanin kafaɗun Ummi, ta ce da gurɓataccen Larabcinta, "Miƙe. Tsawon nan naki ne, ba aro kika yi ba." Wallahi daga ranar yarinyar ta miƙe. Abin da na kasa da faɗa da lallashi, baƙuwa ta yi shi da tafin hannu.

To, ranar da abin ya faru wasu mata ne suka zo daga Riyad za su zaɓi yaran da za su wakilci yankinmu. Ummi ta daɗe ba ta da zance sai wannan. Na tafi da jaririna Hamza da yayata Yaya Rabi, wadda bakinta ya fi reza. Muna zaune cikin iyaye, yawanci matan Jidda masu gilashi a saman kai, sai ga Kabtin ta hauro har inda nake.

"Mama Ummi," in ji ta, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "'yarki ta fi kowa a nan. Ƙafafunta kamar ƙarfe. In ta ci gaba haka za ta wuce inda na kai."

Na jira. Na ƙara jira. Babu Masha Allah! Matan nan duk suka juya suka zuba wa Ummi ido tana can tana ɗaure igiyar takalmi. Wata mai koren mayafi ko ƙiftawa ba ta yi. Kakata, wadda ta zo ƙasar nan daga Sakkwato, ta koya mana tun muna yara: in aka yabi ɗanki a bainar jama'a ba a ambaci Allah ba, maza ki kushe shi, kambun baka ya zame ya wuce. Balle 'yar fari, wadda ko babu kowa a wurin ba a amsa yabonta.

Sai na taɓe baki. "Wa, wannan? Ai raguwa ce, Kabtin, ba ta da wani ƙwari. Kullum kukan ƙafa, gwiwa gwiwa, ba ta barin mu barci."

Da a Ka'akiyya ne, kowace mace za ta ce Allah ya sawwaƙe, ta gane inda na dosa, a wuce wurin. Kabtin kuwa sai fuskarta ta canza.

"Wace gwiwa?"

"Ta hagu." (Ita ce ta fara zuwa bakina.)

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

Yaya Rabi ta mintsine ni a cinya, amma alƙalami ya riga ya bushe. Kabtin ta ce na gode, ta sauka.

Aka hura usur, aka fara wasa, ina ta raba ido ban ga Ummi a fili ba. Can na hango ta a benci, an naɗe lafiyayyar gwiwarta da ƙanƙara. Tana magana tana nuna ƙafar, Kabtin tana girgiza kai. Sai na ga yarinyar ta sunkuyar da kai, kafaɗun nan suka koma yadda suke a da. Matan Riyad kuwa suna ta nuna wasu yara suna ƙus-ƙus.

"To, malama mai maganin ido," in ji Yaya Rabi, "aikinki ya ci. Kin kore ido kaf. Ko masu zaɓen ma ba sa kallonta."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ashe akwai hanyar da ake zagayawa ta bayan kujeru, ni ina na sani? Na ga bencin yana tsallake, sai na ratsa ta tsakiyar fili ana cikin wasa. Ƙasan kuwa sulɓi kamar an shafa mai. Takalmina ɗaya ya yi gabas, wata yarinya ta yi tsalle ta kauce mini, alƙaliyar wasa ta hura usur kamar za ta fasa kunne. Hamza a bayana ya ɗauka wasa ne, ya hau tafi.

"Kabtin, ƙarya na yi! Lafiyarta lau!"

Ta dube ni daga can sama, don ita ma doguwa ce. "Ita ma haka ta ce." Sai ta naɗe ƙafar wandonta, ga wani dogon tabon tiyata ya ratsa gwiwar. "Ni ma haka na ce wa kocina. Babban wasa ne, ban so a ajiye ni. Ya yarda da ni. Ga abin da na samu. Ba zan sa yarinya a fili da ciwo ba, ko wa ya zo kallo. Yaro yakan ɓoye ciwo, Mama Ummi. Amma ban taɓa jin uwa ta ƙirƙiro shi ba."

"Yau kin ji!" Yaya Rabi ce daga cikin 'yan kallo. Dariya ta ɓarke.

Haka na tsaya ƙafa ɗaya ba takalmi, ina yi wa Baturiya bayanin kambun baka, da Larabci da Hausa da hannu, har da kakata ta Sakkwato na sako. Abin da ya ba ni mamaki, ba ta yi dariya ba. Ta saurare ni kamar ina karanta mata sakamakon asibiti.

"Na gane," in ji ta. "To yanzu faɗa mini gaskiya. Yaya 'yarki take?"

Jama'a, wannan ne wurin da ya fi mini ciwo. Ni da ban taɓa yabon yarinyar nan ko a ɗaka ba, ga ta zaune tana kallona, ga dubban idanu (ƙila ba su kai ba, amma haka na gan su). Na runtse ido na ce, "Da ƙafar nan take hauro mana da tukunyar gas in lif ya lalace. Daga sallar asuba take dukan ƙwallo a saman bene har maƙwabta sun gaji da kawo ƙara. Ba raguwa ba ce. Ban taɓa ganin yarinya mai zuciyarta ba."

Ku ce Kabtin ta yarda nan take? Ina! Sai da ta kwance ƙanƙarar, ta matsa nan ta matsa can, ta sa Ummi ta tsuguna, ta sa ta tsalle da ƙafa ɗaya. Da ta gamsu sai ta dafa gwiwar hagu ta ce, "Masha Allah." Ta dafa ta dama, "Masha Allah." Ta miƙe ta dafa kan Ummi, "Masha Allah." Sannan ta juyo, fuska ba wasa. "Haka ake yi? Ya isa?"

Iyaye suka amsa da "Tabarakallah!" har da mai koren mayafin. Alƙaliyar wasa ta miƙo mini takalmina da yatsu biyu ta ce, "Ya Hajja, in kin gama, muna da wasa."

Ummi ta shiga ragowar lokacin. Ni ban san dokokin ba, abin da na lura kawai, duk ƙwallon da ta ƙi faɗawa kwando a hannunta take ƙarewa. Da aka kira sunayen waɗanda aka zaɓa, nata ne na ƙarshe. Kafin a zo kansa na kusa yaga bakin mayafina.

A hanyar komawa Makka Yaya Rabi ta ba Baban Ummi labari, da ƙarin gishiri, sai da ya faka a gefen titi ya yi dariya ta ishe shi. Ummi ta matso ta ce a hankali, "Mama, abin da kika faɗa ɗazu, da gaske kike?"

"Ke tafi can, doguwar banza," na ce. Na juya wajen taga na yi Masha Allah a zuci.

Yanzu a kulob ɗin Maman Gwiwa suke kirana, Kabtin kuwa ba ta ƙara yabon 'yar kowa ba sai ta fara da Masha Allah. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa dai ta yi, ƙanƙara ta haifa. Darasin da na koya shi ne, in za ki ɓoye 'yarki daga idon mutane, ki fara duba ko a cikinsu akwai wadda kallon 'yar taki ne aikinta.