Yadda Za Ka Ci Kwangilar Burtsatse Duk Tsananin Doka

Sabuwar dokar sayen kayan gwamnati ta zo, 'yan kwangila sai sharce zufa suke yi. Wai sai kamfani uku sun yi takara, mafi arha ya ci, kuma a ga sabuwar fasaha. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, kwangila taka ce, ko na rantse ba kaffara.

1. Zama mutum uku

Doka ta ce kamfani uku, ba ta ce aljihu uku ba. Yi rajistar ɗaya da sunanka, ɗaya da na direbanka, na ukun da sunan wata tsohuwa a dangi. Ita dangwala kawai za ta yi.

2. Kayar da kanka

Bar kamfanin tsohuwa ya fi arha. Da an sanar, ka sunkuyar da kai ka ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Kwamitin ba da kwangila na son mai tawakkali.

3. Nuna fasaha

Kada ka kuskura ka ce rijiya. Ka ce "tsarin ruwa na zamani mai aiki da hasken rana". Farantin sola kuwa, kafinta zai yanka maka falanki, a shafe da baƙin fenti. Ranar buɗewa a sa 'yan garuwa su cika tanki tun da safe. Famfo zai zubo har manyan baƙi su shiga mota. Abin da ya biyo baya ƙaddara ce.

4. San garin tsohuwarka

Nan abokina Saminu ya kwafsa. Ya sa sunan gwaggonsa Maiturare, ya manta a ƙauyenta za a haƙa rijiyar, can gaba da garin Babban Mutum, inda ta shekara arba'in tana jan guga. Sai ta ji sunanta a rediyo. Washegari ga ta a gidansa a Daura da sandarta.

"Saminu, an ce ni na ci?"

"Gwaggo, ai suna ne kawai."

"To, yatsan ma nawa ne. Ba ya taɓa takardar banki sai na ga ruwa daga ƙasa."

Kwana goma sha tara ta yi a kan tabarma a bakin aikin. Da aka kawo farantin, ta ƙwanƙwasa da sanda, ta ce, "Kai wa matarka ta rufe akurki." Dole aka sayo na gaske. Ranar da ruwa ya fito ta cika moɗa ta miƙa masa, ribarsa ke nan kaf.

Gargaɗi: in hukuma ta kama ka, ban taɓa ganinka ba. In kuwa gwaggo ce ta kama ka, roƙi hukuma ta zo ta karɓe ka.